Wace fitilar LED zaka saya wa furannin cikin ɗaki? Kwatance kafin ka fitar da kuɗinka

In kana da 'yan tukwanen fure a cikin ɗaki kuma tagar ɗakin bata kawo rana yadda ya kamata, nasan ka ga abin da ke faruwa. Shukar tana nan da ranta, ganye kore shar, amma sai miƙewa take yi kamar mai leƙen katanga, kara siriri, tsakanin ganye da ganye tazara, fure kuwa ko toho babu. Mutum ya ƙara taki, ya canja ƙasa, ya rage ruwa ya dawo ya ƙara, shiru kake ji. Mafi yawan lokuta haske ne bai ishe ta ba. Fure abu ne mai cin ƙarfin shuka sosai, in abincin da take haɗawa daga haske iyakarsa ya riƙe ta da rai ne kawai, toh ba zata ɓarnatar da shi a kan fure ba.

Sai ka tashi neman fitila, nan kuma kai ya ƙulle. Wannan an rubuta masa 1000W, wancan 45W amma ya fi shi tsada, wani haskensa shunayya kamar gidan rawa, wani fari tas, wani ƙwai ne kawai da zaka ɗaura a soket, wani faranti ne mai igiyar ratayewa. Ni shawarata kar ka fara daga fitilar. Ka fara daga shukar da kuma faɗin wurin da zaka ajiye ta, in ka san waɗannan biyun rabin fitilun da kake gani zasu fita daga lissafi da kansu.

Abubuwan da za a auna su da su

Na farko, haske nawa shukar take buƙata. Idon mutum da ganye ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. Lumen ma'auni ne da aka gina a kan ido, shi kuma ido ya fi jin haske mai kore-kore wajen nanomita 555, nanomita kuwa ma'aunin tsawon zangon haske ne wanda ke bambanta launi da launi. Ganye yana aiki da hasken da ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700, wanda ake kira PAR, kuma abin da ya dame shi yawan ƙwayoyin hasken da suka faɗo masa ne. Adadin da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya shi ne PPFD, da maikromol ake ƙirga shi. Rana tsaka in babu gajimare tana bada wajen 2000. Tsakiyar ɗaki da fitilar silin kawai sau da yawa ko 10 baya kaiwa. Kaga ke nan shukar da ka ajiye a kan teburin falo kana cewa ai ɗakin da haske, ita a wurinta magariba ce tun safe.

Jimillar abin da shuka ta samu a yini guda kuma shi ne DLI. Lissafinsa ba wuya, PPFD sau awannin da fitila take kunne sau 0.0036. Misali 300 na awa 14 ya bada 15 da ɗan ɗoriya. Furanni masu haƙuri da inuwa irin su Saintpaulia, wato bayolet ɗin Afirka, da okid ɗin Phalaenopsis, DLI 5 zuwa 8 ya wadatar da su, wato PPFD 100 zuwa 150 na awa 14. Na tsakiya irin su geranium, kalanchoe, petunia da mafi yawan furannin tukunya suna son wajen 10 zuwa 20. Masu haɗamar rana kuwa, wardi, tumatir, barkono, sai an kai 20 zuwa 30 kafin su sake jiki su yi fure da 'ya'ya na kirki. Tazarar da ke tsakanin na farko da na ƙarshe wajen ninki huɗu ce, shiyasa tambayar "wace fitila ta fi kyau" bata da amsa sai an ce wa wace shuka.

Na biyu, faɗin wurin da tsayinsa. Ka ɗauko tef ka auna. Bari mu ce tantin shuka ne na cikin ɗaki ko kabad mai santimita 60 sau 60, wato murabba'in mita 0.36, kana son PPFD 300. Abin da dole ya sauka a kan ganye shi ne 300 sau 0.36, wato maikromol 108 a daƙiƙa, in ka ƙara abin da zai zube a bango da gefe ka ce 140. Riƙe wannan adadin, yanzu zamu yi amfani da shi. Tsayi kuma yana da muhimmanci don fitila mai ƙarfi tana buƙatar tazara tsakaninta da kan shuka, in rufin kantarka santimita 40 ne kacal kuma tukunya da shuka sun cinye 25, babu inda zaka rataye babban faranti.

Na uku, kuma nan ne aka fi cutar mutane, wat na gaskiya. Wannan 1000W ɗin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a kwali galibi ba abin da fitilar ke ja daga bango ba ne. Ko dai sun haɗa iyakar ƙarfin 'yan ƙwayoyin LED da ke jikin fitilar ne, ƙwaya 100 kowacce an ce zata iya ɗaukar wat 10, ko kuma suna nufin wai tana daidai da tsohuwar fitila mai wat 1000. In ka duba ƙananan rubutu a ƙasa sai kaga abin da take ja bai wuce wat 100 zuwa 200 ba. Wannan ƙaramin adadin shi ne naka. Bayansa sai ka nemi maikromol nawa take fitarwa a kowane jul na wuta, wato wat ɗaya na daƙiƙa ɗaya, ana rubuta shi µmol/J. Tsohon bututun fuloresan bai cika kai 1 ba, fitilar sodiyom mafi kyau ta gidajen gona tana wajen 1.7, LED mai kyau ta yanzu tana 2.5 zuwa sama. Dawo kan 140 ɗinmu: fitila mai 2.5 zata bada shi da wat 56, mai 1.2 sai ta sha wajen wat 117. Bambancin wat 60 ne, a awa 14 kullum ya haura yunit 300 na wuta a shekara. Wato mai arhar tana karɓar ragowar kuɗinta a hankali ta bayan gida, ta kuma ƙara maka zafi a kai.

Na huɗu, launin haske. An cika surutu a kan wannan fiye da kima. Shuɗi wajen nanomita 450 yana sa shuka ta taru ta yi gajarta da kauri, ja wajen 660 yana tura haɗa abinci sosai, akwai kuma ja mai nisa wajen 730 da ido da ƙyar yake ganinsa, yana taimaka wa wasu furannin su yi saurin fure amma in ya yi yawa sai shuka ta zanƙale. Maganar cewa ganye baya amfani da kore kwata-kwata ba haka take ba, tun 1972 gwajin McCree ya nuna yana amfani da shi, kuma koren ya fi ratsawa zuwa ganyen ƙasa. Ko akwatin shukar da ke tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda furen zinnia ya buɗe a watan Janairun 2016, ja da shuɗi da kore aka haɗa masa. Farar LED ita kanta shuɗiyar ƙwaya ce aka shafe ta da wani sinadari mai juya wani sashe na shuɗin zuwa sauran launuka, ƙirƙirar shuɗiyar ƙwayar nan ce ma ta sa Akasaki da Amano da Nakamura suka samu kyautar Nobel a 2014. A aikace, fari mai 3000K zuwa 4000K, wato adadin da ke nuna launin farin hasken, in da ƙarin ja 660 a ciki madalla, ya ishi kowane fure daga tsiro har buɗewa. In hasken bai kai yawan da ake so ba, babu launin da zai cece ka.

Na biyar, zafi da ƙarko da haɗari. Ana cewa LED bata zafi, ƙarya ne, bata kai tsofaffin fitilu ba dai. Duk wat ɗin da ta ja daga ƙarshe zafi yake zama a ɗakin, wat 100 a rufaffen kabad kamar ka kunna ƙaramar hita ce awa 14. Awa 50,000 da ake yawan rubutawa, in ka raba da awa 14 a rana kusan shekara 10 ke nan, amma wannan lissafin ƙwayoyin ne. Abin da ya fi saurin mutuwa shi ne akwatin da ke daidaita wutar, wanda ake ce wa direba, sai kuma fanka in akwai. Zafi ne ke kashe su, kafasitocin da ke ciki rayuwarsu tana raguwa kusan rabi duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Sannan ga ruwa, don wurin shuka wurin feshi ne da laima. Lambar IP ita ke nuna juriyar fitila ga ƙura da ruwa, in kaga IP65 tana jure feshi, IP20 kuwa ko yayyafi bata so.

Na ƙarshe, taima, wato na'urar da ke kunna fitila ta kashe ta a kan lokaci. Wannan mutane suna raina shi alhali fure da yawa ba yawan haske kaɗai suke kallo ba, tsawon dare suke ƙirgawa. Garner da Allard ne suka bayyana wannan a Amurka a 1920 da gwajin taba da waken suya. Poinsettia, kalanchoe da chrysanthemum ba zasu ɗaura toho ba sai sun samu dogon dare, wajen awa 13 zuwa 14 na duhu ba katsewa, na makonni shida ko fiye, ka shigo tsakar dare ka kunna fitilar ɗaki kullum ka ɓata lissafin. Petunia ita dogon yini take so. Bayolet ɗin Afirka da tumatir basu damu sosai ba. Phalaenopsis kuma ɗan sanyi take jira kafin ta fito da karan fure, fitila ba zata maye wannan ba. Don haka fitilar da ba zata yi aiki da taimar bango ba, wato wadda ake jonawa a soket, tana da babban aibi.

Toh ga fitilun ɗaya bayan ɗaya.

Ƙwai mai ɗaurawa a soket

Shi ne mafi sauƙin farawa, ka samu mariƙin fitila mai E27 ko E26, wato irin na murɗi da aka saba a gida, ka murɗa shikenan. Na shuka galibi wat 10 zuwa 36 ne. Kuɗinsa kaɗan ne, in ya mutu shi kaɗai zaka canja, haskensa fari ne baya ɓata kyan ɗaki. Ga tukunya ɗaya ko biyu babu abin da ya kai shi dacewa. Abin lura shi ne kusurwar hasken, mai digiri 60 yana tattara haske wuri ɗaya don haka ko daga ɗan nesa yana isa, mai digiri 120 yana bazawa sai ka matso da shi santimita 20 zuwa 30. Matsalarsa haske yana taruwa a tsakiya, tukunyar gefe sai ta karkato tana neman tsakiyar, dole ka riƙa juya su. Manyan cikinsu suna da nauyi, mariƙi mai laushin wuya zai sunkuya da su har su taɓa ganye, kuma in ka kulle ƙwan cikin rufaffen gilashi zafi zai rage masa kwana. Wani abu da masu sayarwa ba zasu gaya maka ba: ga bayolet ɗaya, ko ƙwan LED na gida fari mai ƙarfi in ka kusanto da shi yana iya yin aikin.

Mai maƙalewa a tebur, ta USB

Wannan ce ake yawan fara saya don tana da kyau a hoto, kawuna biyu ko huɗu a kan wuya mai lanƙwasa, da 'yar rimot a jikin waya. Amma yi lissafi, cajar USB mai volt 5 da amfiya 2 wat 10 ne iyakarta, a raba wa kawuna huɗu, kowanne wat 2 da rabi. Ko me aka rubuta a kwali ba zata wuce abin da cajar ke bata ba. Tana iya hana shukar ganye ramewa, tana iya tallafa wa tukunyar da dama tana samun rabin rana a taga, amma ta sa wardi fure ita kaɗai, a'a. Taimar cikinta kuma da yawa in wuta ta ɗauke sai ta manta, sai ka zo ka danna da hannu, wato in ka haɗa ta da taimar bango ma ba zata kunnu da kanta ba. Wajen haɗari ita kanta ƙaramar wuta ce, cajar arha da ke kunne awa 14 kullum ita ce abin sa wa ido.

Dogayen sanduna, T5 ko T8

In kanta gare ka mai hawa-hawa, waɗannan su ne naka, ban ma ga abin da zai yi takara da su ba. Sanduna ne sirara masu tsawon santimita 60 ko 120, gajerun wajen wat 10 zuwa 20, dogayen wajen 20 zuwa 40, ana ɗaure su a ƙarƙashin kowane hawa da 'yan maƙalai ko igiyar roba, ana kuma jona su da juna su tafi filogi ɗaya. Abin da ya sa nake son su hasken yana bazuwa daidai daga wannan ƙarshe zuwa wancan, babu tukunyar da za a ce ita ce 'yar bora, zafin ma ya rarrabu baya taruwa wuri ɗaya, don haka zaka iya sauko da su santimita 15 zuwa 25 daga ganye. Kuma ƙarfin a hannunka yake, sanda biyu a hawa don bayolet da okid da 'yan tsirai, in kana son geranium ka mayar da su huɗu. Kuɗin kowace ɗaya kaɗan ne amma in kana da hawa huɗu kowanne sanda uku, jimillar zata iya kamo kuɗin faranti mai kyau, kar ka manta da wannan. Wajen ƙarko tsaka-tsaki ne, direbansu a cikin sandar yake ba a canja shi, in ɗaya ta mutu sai dai a jefar, sai dai sauran suna ci gaba da aiki, ba kamar faranti ɗaya da in ya tafi duhu ya rufe kowa ba. Rauninsu doguwar shuka, hasken baya ratsawa ƙasa sosai, tumatir mai tsayin mita ɗaya kansa ne kawai zai amfana. Kuma akwai iyakar adadin da aka yarda a jona a layi ɗaya, yana rubuce a takardar, kar ka wuce shi don wayoyin haɗin sirara ne.

Akwati mai hasken shunayya

Tsohon yayi ne, akwati mai kauri da fanka biyu ko uku a baya, ƙwayoyi ja da shuɗi, sau da yawa da makunni biyu wai ɗaya na ganye ɗaya na fure. Su ne sarakan rubuta 600W da 1000W. A yi adalci, haɗin ja da shuɗi shi kansa ba laifi ba ne, manyan gidajen gona na gilashi suna amfani da irinsa mai inganci kuma yana cikin mafi tsimin wuta. Matsalar na arhan nan ne, ƙwayoyinsu tsofaffin ƙira ne masu shan wuta su bada kaɗan, kamfanin ma da wuya ya rubuta µmol/J nasu. Shuka tana girma a ƙarƙashinsu, har fure tana yi, wannan ba musu. Amma fankar tana ƙara dare da rana in a ɗakin kwana ne, tana zuƙar ƙura, ranar da ta tsaya kuma baka lura ba ƙwayoyin zasu dahu. Abin da ya fi damuna ma, a cikin hasken shunayya ganye duk baƙi-baƙi yake, ba zaka gane ya fara rawaya ba, ba zaka ga ƙananan ƙwari a bayan ganye ba sai sun gama yaɗuwa. Ga shi kuma fure ka shuka don ka kalla, sai ya zama jan fure da fari duk launi ɗaya. In kyauta aka baka yi amfani da ita, ka riƙa kashewa kana duba shukar da farin haske. Da kuɗinka kuwa, wuce.

Siririn faranti mai farin haske

Shi ake kira kwantum bod. Allon alminiyom ne shimfiɗaɗɗe da ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyi farare, an sirka da 'yan ja, direba a bayansa, babu fanka don allon kansa ke fitar da zafi. Na ƙaramin wuri suna tsakanin wat 65 zuwa 150. Masu kyau zaka ga sun ambaci ƙwayar Samsung LM301B ko LM301H da direban kamfanin Mean Well, suna kuma bada 2.5 zuwa sama. Shi ya fi sauran tsada a ranar saye, shi ya fi su arha a kan kowane maikromol, kuma a cikin duk waɗanda na lissafa shi kaɗai zai kai ka DLI 25 a tanti 60 sau 60 ba tare da wahala ba.

Amma kar sunan Samsung ya ruɗe ka. Ƙwaya iri ɗaya in aka sa kaɗan aka matsa musu wuta da yawa, ingancin yana sauka zafi yana hawa, don haka faranti biyu masu wat 100 da ƙwaya iri ɗaya zasu iya bambanta, wanda ya fi yawan ƙwayoyi ya fi. Akwai kuma masu ari sunan kawai. Abin da zaka nema shi ne taswirar PPFD, hoton da ke nuna adadi a tsakiya da kusurwoyi a tsayi kaza. Kusurwoyin zaka kalla, don tsakiya kowa gwani ne, faranti ƙarami yana iya bada ninki biyu a tsakiya fiye da gefe. In mai sayarwa bashi da taswirar ko bai faɗi tsayin da aka auna ba, wannan ma amsa ce.

Kar ka sayi wanda bashi da marage haske, wato 'yar murɗar nan da ake ƙara ƙarfi ko a rage. Da ita faranti ɗaya zai yi maka tsiro yau ya yi maka barkono gobe, kuma faranti mai wat 100 da aka rage zuwa 60 ya fi sanyi ya fi daɗewa fiye da mai wat 60 da ke aiki iya ƙarfinsa. Yana buƙatar tazarar santimita 30 zuwa 45 daga kan shuka, yana buƙatar iska ta riƙa wucewa, in direban ana cire shi ka fitar da shi wajen tantin. Haɗarinsa na farko ƙona ganye ne, shukar da ta saba da duhun ɗaki ka ɗora mata cikakken ƙarfi rana ɗaya sai ganyen sama ya koɗe ya yi fari-fari ya nannaɗe. Fara da rabi, ka riƙa ƙarawa duk mako. Na biyu, jikinsa ƙarfe ne a wuri mai laima, filoginsa ya zama mai ƙafa uku da waya ta ƙasa mai aiki, soket ɗin kuma a ɗaga shi daga ƙasa inda ruwan tukunya ke malala.

COB da manyan sanduna

Zan wuce su da sauri. COB dunƙulen ƙwaya ɗaya ce mai ƙarfi kamar 'yar rana, tana ratsa doguwar shuka da kyau amma zafinta a wuri ɗaya yake, sai da babban mashanyin zafi ko fanka. Akwai na arha da ake jonawa kai tsaye a wutar gida ba direba, suna ƙyaftawa kuma wayoyinsu a buɗe, in ba ka san aikin wuta ba kar ka kusance su. Manyan fitilu masu sanduna shida ko takwas kuma an yi su ne don wuri mai mita 1.2 sau 1.2 zuwa sama, a ƙaramin kabad ko shiga ba zasu yi ba.

| Nau'i | Wat na gaskiya | Kuɗin saye | Ƙarko | Sauƙin kafawa | Inda matsalar take |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙwai | 10 zuwa 36 | kaɗan | matsakaici | mai sauƙi sosai | haske a tsakiya kawai, nauyi |
| Mai USB | wajen 10 | kaɗan | rauni | mai sauƙi sosai | ba ƙarfi, taima na mantuwa |
| Sanduna T5/T8 | 10 zuwa 40 kowacce | kaɗan zuwa matsakaici | matsakaici | mai sauƙi | doguwar shuka, jona da yawa |
| Akwatin shunayya | galibi 100 zuwa 200 | matsakaici | ya dogara da fanka | matsakaici | shan wuta, ƙara, ɓoye cuta |
| Farantin fari | 65 zuwa 150 | mai tsada | mai kyau | sai wurin ratayewa | ƙona ganye, jabu |
| COB | 50 zuwa 100 | ya bambanta | ya dogara da sanyaya | mai wuya | zafi, na arha da haɗarin wuta |

Kafin ka biya, ka duba ko akwai alamar gwajin tsaro irin UL ko ETL. Alamar CE galibi kamfani ne da kansa ke shelanta cewa ya cika sharaɗi, don haka ita kaɗai bata kai waɗancan nauyi ba. Garanti ma yana faɗin gaskiya fiye da talla, wanda ya rubuta awa 50,000 amma ya baka garantin wata shida ya gaya maka abin da ya sani. Bayan ka kafa kuma zaka iya gwadawa da manhajar auna haske ta waya, in fitilar fara ce ka raba adadin laks, wato ma'aunin da manhajar ke nunawa, da wajen 65 zuwa 70 ka samu kimanin PPFD. Ba daidai-wa-daida ba ne amma ya fi tsammani, a kan shunayya kuwa wannan lissafin baya aiki sam.

Wa ya dace da wace

In okid ɗaya ce ko bayolet biyu a kan tebur kuma kana son ɗakin ya ci gaba da zama ɗaki, ƙwai mai wat 15 zuwa 24 a mariƙi mai ƙarfi da taimar bango, an gama. In tukunyar tana bakin taga tana samun rana ta 'yan awanni kawai cikowa kake so, nan ne kaɗai mai USB take da amfani, duk da ko a nan ni ƙwan zan ɗauka.

In kanta ce mai hawa uku ko huɗu cike da gajerun furanni, sanduna, biyu a kowane hawa don farawa, ka bar wurin ƙara ta uku in kaga suna miƙewa. In ɗakin kwana ne kuma ƙara tana hana ka barci, duk abin da ke da fanka ya fita, saura sanduna ko faranti.

In kalanchoe ne ko poinsettia kake so su sake fure, kuɗinka ya fi amfani a kan taima mai kyau da wurin da zai yi duhu ƙirin fiye da ƙarin wat, matsakaiciyar fitila awa 10 a kunne awa 14 a kashe cikin kabad da ke rufuwa ruf.

In kuma wardi ne ko tumatir ko barkono a tanti 60 sau 60, faranti mai wat 100 da marage haske, wajen yunit 42 a wata in yana cikakken ƙarfi awa 14, da ƙaramar fanka mai kaɗa iska a ciki. Wurin ya kai santimita 80 sau 80, ka hau zuwa wat 150. In har yanzu baka tsayar da abin da zaka shuka ba, yau fure gobe barkono, shi ɗin dai zaka ɗauka, ka murɗa shi ƙasa zuwa kashi 40 ka ɗaga shi sama don masu son inuwa, ranar da ka kawo mai son rana ka murɗa sama.